Ayu Iri Ne, Kada Mu Cinye Shi



Kowane manomi ya san bambancin hatsin ci da hatsin iri. Ko yunwa ta matsa da bazara, ba a taɓa zangarniyar da aka rataye domin shuka. Wanda ya cinye irinsa ya ƙoshi kwana biyu, sa'an nan ruwan farko ya same shi yana bin gidaje yana roƙo. Amma shi yana da inda za shi, gama maƙwabcinsa ya ajiye nasa. Yau muna so mu yi magana a kan wani iri wanda in ya ƙare babu maƙwabcin da za a roƙa. Wannan iri a cikin kogi ya ke. Sunansa ayu.

Da yawa daga cikin ƙungiyoyinmu suna noma a bakin Binuwai da rassansa, daga Yola da Numan zuwa Ibi da Makurɗi, waɗansu kuma a bakin Kwara. Muna shuka shinkafa a fadama, muna noman rani, muna taɓa su in aikin gona ya yi sauƙi. Ku tambayi tsofaffin masunta na garinku yaushe rabonsu da ganin ayu. Amsar da za ku ji ita ce dalilin wannan rubutu. Ra'ayinmu shi ne, in ayu zai tsira a kogunanmu, mu mutanen bakin kogi ne za mu tsirar da shi, ƙungiyoyinmu na gama kai kuwa su ne ya kamata su shige gaba.

Wane irin abu ne ayu?

Mutane da yawa sun san sunansa, kaɗan ne suka taɓa ganinsa da rai. Ayu ba kifi ba ne. Dabba ce mai jini mai ɗumi kamar saniya, tana haihuwa, tana ba ɗanta nono. Da hanci ya ke shaƙar iska. Bayan 'yan mintoci yakan ɗago hancinsa kaɗan bisa ruwa, ya ja numfashi, ya koma. In yana hutawa yana iya yin wajen minti 20 a ƙarƙashin ruwa. Saboda haka in taru ya riƙe shi a ƙasa, nutsewa ya ke yi ya mutu kamar yadda mutum zai mutu.

Babban ayu yakan kai tsawon mita 3, watau wajen ƙafa 10. Nauyinsa yakan kai kilo 400 ko 500, kamar buhun masara huɗu ko biyar ke nan. Ba shi da ƙafafun baya, sai wutsiya mai faɗi kamar faifai. Yana da hannuwa biyu gajeru masu 'yan farata. Nonon macen yana can cikin hamata, shi ya sa waɗanda suka hango ta tana shayarwa suka ba da labari wai rabinta mace ce rabinta kifi. Masanan dabbobi sun gano cewa danginsa na kusa a tudu su ne giwa da rema, wannan 'yar dabba ta kan duwatsu.

Abincinsa ciyawa ne: ciyawar bakin ruwa, da kainuwa, da bado, da ganyayen da suka sunkuyo kan kogi. Babba yana iya cin kilo 20 ko 30 a yini. Ciyawa mai yashi tana cinye haƙori, amma shi ba ya rasa haƙori. Sababbin turame suna fitowa daga can baya, suna matsowa gaba a hankali, tsofaffin na gaba suna zubewa, haka har ƙarshen ransa. Ba shi da fiƙa, ba shi da ƙaho, ba ya kife jirgi kamar dorina, ba ya kama mutum kamar kada. Abin da ya iya kaɗai shi ne ɓuya.

Irin ayun da mu ke da shi, a Afirka kaɗai a ke samunsa, daga Senegal zuwa Angola. Yana cikin Kwara har can Mali, yana tafkin Kainji, yana wajen Gaya a Jamhuriyar Nijar. Yana cikin Binuwai har Kamaru, da tafkunan Lere da Tirene a Chadi, da tafkin Pandam a Jihar Filato, da tafkin Volta a Ghana. Da damina yakan bi ruwa ya hau fadamu ya yi kiwo. Sa'ad da ruwa ya fara janyewa sai ya koma gurbi mai zurfi, a nan zai zauna har rani ya wuce. Ku riƙe maganar gurbin nan, za mu komo kanta.

Bari mu yi lissafi

Mu masu kiwo ne, mun san lissafin haihuwa. Akuya wata 5 ta ke yi da ciki, sau da yawa tagwaye ta ke haifa. Saniya wata 9. Tarwaɗa kuwa ƙwai dubbai ta ke zubawa a damina guda. To, ayu fa? Cikinta yakan kai shekara guda, ko ya ɗan fi. Ɗa ɗaya ta ke haifa. Ɗan yakan bi ta yana shan nono har wajen shekara biyu. Ke nan uwa ɗaya ba ta ba da ɗa sai bayan shekara biyu, ko uku, ko fiye. 'Yar da ta haifa kuma sai ta yi shekaru kafin ita ma ta fara.

A ce akwai ayu goma a yankin kogin da ke kusa da ku, biyar daga ciki uwaye ne. In kowace tana haihuwa sau ɗaya a shekara uku, 'ya'yan da za a samu a shekara ba su cika biyu ba. Ba kuma dukansu za su rayu ba. Yanzu a ce maharbi ya kashe biyu a shekara, taru ya shaƙe ɗaya. Wane makiyayi ne zai sayar da shanu uku kowace shekara daga garken da ke ba shi maraƙi ɗaya ko biyu? Kowa ya san ƙarshen wannan garke. In kuwa uwa mai shayarwa aka kashe, biyu aka kashe, gama ɗan ba zai rayu ba.

Wannan shi ya sa mu ka ce ayu iri ne. Babu rara a cikinsa da za a ɗiba.

Me ya ke rage shi?

Na fari, farauta. Maharbi yakan kafa dandamali a bakin ruwa, ya ɗaura ganyen rogo ko ɗanyar ciyawa, ya jira da dare da mashi mai igiya. Waɗansu tarko su ke kafawa. Nama yana da yawa, kuɗi kuma yana da yawa. A dā mutane kaɗan ne suka gāji wannan sana'a, suna kuma da ƙa'idodinsu. Yanzu kasuwa ta buɗe, motoci suna kaiwa har birane.

Na biyu, man ayu. Duk mun ga 'yan kwalabe a kasuwa da tashar mota, ana cewa maganin farin jini ne, ko na riƙe miji, ko na ƙarfin namiji, ko na ciwon gaɓoɓi. Kitsen dabba ne kawai, ba wani binciken likita da ya nuna yana yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ku kuma auna da hankalinku: in dukan abin da a ke sayarwa da sunan man ayu na gaske ne, da ayu nawa za a kashe kowane mako? Mai saye yana tsakanin abu biyu. In jabu ne, an cuce shi. In na gaske ne, da kuɗinsa aka wasa mashin. Zaman lafiyar gida kuwa ba a cikin kwalba ya ke ba.

Na uku, kayan su. Tarun roba na zamani ba ya ruɓewa, ba ya tsinkewa da sauƙi. Kalli da mamari da a ke shimfiɗawa a bar su kwana a bakin gurbi suna kama ayu, musamman ƙanana, ko da mai su bai yi nufi ba.

Na huɗu, madatsun ruwa. An gama madatsar Kainji a 1968, ta Lagdo a Kamaru a 1982. Suna da amfaninsu, amma sun raba kogi gida-gida, ayun sama ba ya saduwa da na ƙasa. Sun kuma sāke lokacin hawan ruwa da saukarsa. In ruwa ya janye farat ɗaya, ayun da ya shiga fadama yakan maƙale a kududdufi, rana ta ƙone shi, ko mutane su same shi.

Na biyar namu ne, kada mu ɓoye. Muna nome gaɓar kogi har bakin ruwa, ba mu bar ko taki goma na ciyawa ba. Ruwan sama ya kwashe ƙasarmu ya zuba a kogi, gurbi ya cike da yashi. Mun yi hasarar ƙasa, ayu ya yi hasarar gida. Muna fesa maganin ciyawa a bakin ruwa, muna wanke tankin feshi a cikin kogi. Da rani muna jera injunan ban ruwa a gurbi ɗaya har ya koma taɓo. Har yanzu kuma akwai masu zuba maganin ƙwari a ruwa domin su kwashi kifi, kamar yadda aka yi ta yi da Gammalin a shekarun baya. Ruwan nan shi 'ya'yanmu su ke sha.

Gemun ɗan'uwa ya kama wuta

Kada wani ya ce dabbar ruwa ba ta ƙarewa. A shekarar 1741 waɗansu matuƙan jirgin Rasha suka tarar da wani babban ɗan'uwan ayu a tekun arewa mai sanyi, tsawonsa ya kai mita 8. Shi ma ciyawa ya ke ci, ba ya faɗa, namansa da kitsensa suna da daɗi. Mafarauta suka dinga zuwa. Kafin 1768 babu ko ɗaya. Shekara 27 kaɗai.

Ga na zamaninmu. A manyan kogunan Asiya da na Amurka ta Kudu akwai wata dabba mai shayarwa da a ke kira dolfin. Siffarta kamar babban kifi mai dogon baki, amma ita ma iska ta ke shaƙa, ɗa ɗaya ta ke haifa. A Kogin Yangtse na ƙasar Sin akwai wata irinta fara, sunanta baiji. A shekarun 1950 an ƙiyasta sun kai 6,000. Ƙugiyoyin masunta, da su da wutar lantarki, da jirage, da madatsun ruwa suka yi ta cin su. A 1997 aka bi kogin aka ƙirga 13. A 2006 masana suka yi mako shida suna nema da jirage biyu, ba su ga ko ɗaya ba. Abin lura shi ne, yawancinsu ba da gangan aka kashe su ba. Kowa yana neman abincinsa ne kawai. Kifin kogin ma ya ragu ƙwarai, har daga farkon 2021 gwamnatin Sin ta hana su a Yangtse na shekara goma. Masunta dubbai suka bar sana'ar kakanninsu. Dabbar ta fara tafiya, sa'an nan kifi ya bi ta.

Amma akwai labari mai daɗi. A Kogin Indus na Pakistan akwai wata dolfin wadda kusan makauniya ce, da sauti ta ke gane hanya. Ƙasar noman rani ce kamar tamu, an datse kogin wuri-wuri, dabbobin sukan ɓace su shiga magudanan ban ruwa su maƙale. A 1974 aka keɓe musu wani yanki na kogin aka hana kashe su. Daga baya aka koya wa mutanen ƙauyuka su kai labari in sun ga wadda ta maƙale, ma'aikata su zo su ɗauke ta su mayar kogi. A 2001 an ƙiyasta wajen 1,200. A 2017 aka ƙirga fiye da 1,800. Manoma da masunta ne idon wannan aiki.

Kusa da mu ma, a tafkin Ossa na Kamaru, wani masani ɗan ƙasar mai suna Aristide Takoukam Kamla ya jawo masunta cikin aikin tsaron ayu, su ne su ke ba da labarin inda suka gan shi. Abin da mutanen Indus da na Ossa suka iya, mutanen Binuwai da Kwara ba za su kāsa ba.

"To, ina ribarmu?"

Mun san abin da waɗansu za su ce a taro, kuma maganarsu tana da hujja. Za su ce ayu yana shiga gonar shinkafa da ambaliya ya yi ɓarna. Gaskiya ne, yana yi. Za su ce yana yaga taru, wani lokaci har ya tsotse ƙananan kifin da taru ya kama. Wannan ma gaskiya ne. Wani kuma zai ce, “Ayu ɗaya ya biya kuɗin makarantar 'ya'yana na shekara, ku me za ku ba ni?”

Ga amsarmu. Ɓarnar ayu a shinkafa ba ta kai ta jan baki ko ta ambaliya ba, ana kuma iya tare ta. In an kafa shingen sanduna masu ƙarfi a bakin mashigin ruwa tun kafin kogi ya hau, ba zai shiga ba. Tarun da ya yage ana ɗinke shi. Kuɗin ayu ɗaya kuwa na mutum ɗaya ne, na shekara ɗaya. Kogin na dukan gari ne.

Yana kuma yi mana aikin da ba mu biya. Dabbar da ke cin ciyawa kilo 20 ko 30 kowace rana tana buɗe hanyar jirgi da mashigin ruwa. A ƙasar Gayana ta Amurka ta Kudu har sa ayu aka yi a magudanan ruwa domin ya cinye ciyawar da ta toshe su. Kashinsa taki ne a ruwa, yana ciyar da ƙananan abubuwan da 'ya'yan kifi su ke ci. Mafi girma duka, abin da ayu ya ke bukata shi ne gurbi mai zurfi, da ruwa marar dafi, da gaɓa mai ciyawa. Abin da manyan kifi su ke bukata ke nan su kai damina su yi ƙwai. Abin da injin ban ruwanmu ya ke bukata ke nan a watan Maris. Wanda ya tsare gidan ayu, rumbun kifinsa ya tsare.

Ba ma sai ya biya mu ba. Kakanninmu sun same shi a kogin nan, sun bar mana. Abin kunya ne a ce a hannunmu ya ƙare.

Doka tana nan, mai tsaro ne babu

Tun 1985 dokar Nijeriya ta sa ayu cikin dabbobin da aka hana farautarsu da cinikinsu, a 2016 kuma aka ƙara yawan tarar. A 2013 ƙasashen duniya suka taru a Bangkok suka hana cinikin ayun Afirka da sassan jikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa. Amma takarda ba ta kwana a bakin kogi. Ma'aikacin gandun daji ɗaya ba zai iya tsaron kogi mai tsawon ɗaruruwan kilomita ba. Mu ne mu ke wurin dare da rana. Mun san kowane gurbi da sunansa, mun san wanda ke da mashi.

Ƙungiyarmu kuwa ta riga ta saba da kafa ƙa'ida da riƙe ta. Muna da ƙa'idar bashi, da ta rabon taki, da ta ajiyar iri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da mu ke ba da shawara kowace ƙungiyar bakin kogi ta kawo a taronta na gaba.

1. A gayyaci sarkin ruwa, da mai gari, da tsofaffin masunta, ko 'yan ƙungiya ne ko ba 'yan ƙungiya ba. Kogi bai san addini ko ƙabila ba. A rubuta sunayen gurabun da ayu ke zama da rani.

2. A keɓe ko da gurbi ɗaya. Daga janyewar ruwa har ruwan farko, ba kalli, ba mamari, ba mashi a ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne, gama kakanninmu suna hana su a waɗansu tafkuna sai ranar da aka buɗe. A kuma yarda da iyakar inda injuna za su tsaya da jan ruwa.

3. Kowane ɗan ƙungiya ya bar gaɓa da ciyawarta, ko da taki goma zuwa ashirin daga bakin ruwa. Kada a yi feshi a wurin. A wanke tankin feshi can nesa a tudu.

4. Kada a sayi naman ayu ko mansa a gidajenmu. Iyaye mata, wannan a hannunku ya ke fiye da kowa. Ranar da mai saye ya ƙare, maharbi zai rataye mashinsa.

5. A ware ɗan kuɗi a asusu domin ɗinkin tarun wanda ya saki ayu da rai. Maharbin da ya yarda ya bari, a sa shi gaba a layin bashin noman rani ko na kiwon kifi. Shi ya fi kowa sanin halin ayu, shi ya fi dacewa ya zama mai tsaron gurbi.

6. In an ga ayu ya maƙale, a hana yara jifa, a aika wa ma'aikatan gandun daji. A yi masa inuwa, a riƙa jiƙa jikinsa, amma kada a zuba ruwa a hancinsa. Kada a ja shi ta wutsiya ko ta hannu. A mirgina shi bisa tamfol mai ƙarfi, maza da yawa su ɗauka a hankali zuwa ruwa mai zurfi. In ƙarami ne, a duba, watakila uwar tana kusa. Kada a ba shi nonon saniya, cikinsa ba ya ɗauka.

7. Magatakarda ya buɗe shafi a littafin ƙungiya. Duk wanda ya ga ayu, ko ya ga inda ya ci ciyawa, a rubuta rana da wuri. Bayan shekara uku za ku sani ko garkenku yana ƙaruwa.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi daga Abuja. Abin da su ke bukata shi ne mutum ɗaya ya miƙe a taro ya ce, “Ina da magana a kan kogi.”

'Yan'uwa, ku karanta wannan a taronku, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. In ƙungiyarku ta keɓe gurbi, ku rubuto mana sunansa da yadda kuka shirya, domin waɗansu su koya. In kuma kun tambayi tsofaffi suka ce ayu ya riga ya ƙare a wajenku, wannan ma ku rubuto, ku faɗa mana shekarar da aka ga na ƙarshe. Muna so mutanen da har yanzu su ke da nasu su ji.